Filin bayan gidana a Yamai: me zan shuka wanda ba zai mai da ni bawan ban ruwa ba, kuma tsuntsaye su dawo?

Malamin Lakwal, Yamai

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san itace da ƙasa, domin abin da na gwada da dabarar kaina ya cinye mini kuɗi bai bar mini ko inuwa ba. Shekara uku ke nan da na tare a gidan da na gina a gefen Yamai ta wajen hanyar Filinge. Filin murabba'in mita 400 ne, ginin kuwa bai ci rabinsa ba, saboda haka akwai wuri mai yawa a baya da jikin katanga wanda ba komai a kansa sai jar ƙasa mai tauri da ɓaraguzan siminti da magina suka bari.

A shekarar farko na sauka bakin kogi wajen Yantala, inda masu sayar da dashe suke jera tukwanensu, na sayo furanni iri-iri da ciyawar nan da ake shimfiɗawa a gidajen manya, na kuma ɗauki yaro yana ba su ruwa safe da yamma. Har watan Fabrairu wurin gwanin sha'awa ne. Da Afrilu ta kama, rana ta kai inda take kaiwa, famfo ya koma kawo ruwa sai tsakar dare, wani lokaci ma a yi kwana biyu babu ɗigo, sai na wayi gari ina sayen ruwa wurin ƴan garuwa domin ciyawa, alhali uwargida tana lissafin bido nawa zai ishe ta wanki. Na yi tafiyar mako biyu, da na dawo na tarar da wurin kamar an bi shi da wuta.

Abin da ya fi damuna ma ba asarar ba ce. Ko lokacin da wurin yake kore shar, shiru yake yi, ban taɓa ganin tsuntsu ya sauka ya daɗe ba. Ni kuwa a ƙauyenmu na ƙasar Adar na tashi, inda kurna ɗaya tak a ƙofar gidan kakanmu take tara tsuntsayen da ba su ƙirguwa, ga bushiya da dare, ga hawainiya da damina. Ƴaƴana yanzu ba su bambanta kurciya da tattabara. Tambayata ita ce, waɗanne itatuwa da tsirrai zan sa waɗanda za su rayu da ruwan sama kaɗai bayan sun kama, kuma su janyo tsuntsaye da ƙudan zuma? Sannan uwargida ta kafa mini sharaɗi biyu, ba ta yarda da maciji ba, ba ta yarda da sauro ba, kuma ina ganin tana da gaskiya.

Tsohon Ma'aikacin Gandun Daji, Tawa

Wa alaikumus salam Malam. Shekaruna na aiki duka a tsakanin Kaita da Illela da Buza na yi su, inda ruwan shekara bai kai na Yamai ba, saboda haka idan na ce ƙasarku ba ta mutu ba, ku yarda da ni. Yamai tana samun abin da ya kai milimita 500 zuwa 600 a shekara, mu a Tawa da ƙyar muke ganin 400, amma duk da haka muna da itatuwan da ba wanda ya taɓa zuba musu ko moɗa guda.

Shawarata ta farko za ta ba ku mamaki: kada ku sayi komai tukuna. Ku bari ruwan farko ya sauka, ku hana kowa sa fartanya a bayan gidan har mako uku, sannan ku zagaya ku duba abin da ya fito da kansa. Filayen gefen Yamai da aka yayyanka aka sayar, jiya-jiya gonakin hatsi ne, kuma a ƙarƙashinsu akwai kututturan sabara da kalgo da magarya waɗanda aka sassare shekara da shekaru amma saiwarsu tana raye. Irin wannan kututture idan ya toho, aka zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi aka bari, aka rage sauran, cikin damina biyu zai wuce dashen da kuka sayo da tsada, domin shi tuni saiwarsa ta kai inda danshi yake. Wannan shi ne abin da manomanmu suke kira sassaben zamani. A ƙasar Maraɗi aka fara yaɗa shi cikin shekarun 1980, lokacin da Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, ya lura cewa ƴan tsirran da ake sarewa kowace bazara ba ciyawa ba ne, itatuwa ne da ake hana su tashi. An kiyasta cewa ta wannan hanya kimanin hekta miliyan 5 suka sake samun itatuwa a Nijar, kuma mafi yawansu ba dasa su aka yi ba. Abin da ya yi aiki a gona zai yi aiki a bayan gida.

Na biyu shi ne ruwa, kuma a nan ne mutanen birni suke yin asarar da ba su sani ba. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya na rufi lita ɗaya ce. Idan rufinku ya kai murabba'in mita 100, a shekarar da aka samu milimita 500, lita 50,000 ke nan suke zuba ta indararonku, wato tano 250 na lita 200, kuma duk kuna kora su titi su je su haƙa rami a ƙofar maƙwabci. Ku karkatar da wannan ruwa da ƴar magudana zuwa bayan gida, ku haƙa masa wurin zama. Mu a nan tassa muke yi, wato ramuka masu faɗin kamar taƙi ɗaya da rabi da zurfin taƙi guda, a tara ƙasar da aka fitar ta ɓangaren gangare domin ta tare ruwa, a zuba taki cikin tafi biyu a ciki tun da rani. Na itace sai a ƙara masa girma ya kai kamu ɗaya. Manoman Illela ne suka je Yatenga ta Burkina Faso a 1989 suka ga yadda aka inganta wannan dabara, ƙasar su Yacouba Sawadogo, manomin da ya yi suna da ita, suka dawo suka farfaɗo da faƙon da ko karangiya ba ta fitowa a kansa. Sirrin abin kuwa gara ce. Takin yana kiranta, ita kuma tana huda ƙasa ta yi hanyoyi, ruwan da a da yake gudu a bisa sai ya bi hanyoyin nan ya nutse. Na san a birni da an ce gara sai gaban mai gida ya faɗi, to ku nisanta ramukan da jikin gini da kamar taki biyar, ku bar ta ta yi muku aikin da diga ba ta iyawa. Inda wurin yake da gangare sosai, sai ku haƙa rami mai siffar rabin wata, bakinsa yana fuskantar inda ruwa yake gangarowa.

Game da abin shukawa, fili irin naku ba ya ɗaukar manyan itatuwa da yawa. Da ni ne, zan sa magarya biyu, ɗaya ta gida ɗaya kuma mai aure, wato wadda aka haɗa wa reshen ingantaccen iri, ake kiranta tuffar Sahel, da masu bincike na cibiyar binciken noma ta ICRISAT a Sadore, kusa da Yamai, suka yaɗa. Ƴaƴanta sun ninka na gida girma, amma tana son a riƙa rage mata rassa bayan an gama cin ƴaƴan. Jikin katanga zan jera dirga da lalle, domin dukansu suna jure aski kuma suna yin duhuwar da ƙananan tsuntsaye suke ɓuya a ciki, furen lalle kuma ƙamshinsa kaɗai ya isa dalili. Anza ba ta da saurin girma, amma tana nan kore a tsakiyar Afrilu lokacin da komai ya yi fari, kuma ba ta neman kowa da komai. Zogale ku sa shi kusa da wurin wanke-wanke inda ruwa yake malala. Aduwa guda a kusurwar da yara ba su wasa, saboda ƙayarta ba ta san ɗan gida ba. Gawo kuwa shi ne sarki a wurina, tun da yake yana zubar da ganye da damina ya bar rana ta kai ga abin da ke ƙarƙashinsa, ya kuma yi ganye da fure da rani lokacin da zuma ba ta da wurin zuwa, amma yana girma ƙwarai, kuma yana cikin itatuwan da doka ta hana sarewa ba da izini ba. In za ku sa shi, ku sa ɗaya can nesa da katanga, ku kuma san cewa jikokinku kuka shuka wa.

Abin da zan hana ku shi ne itacen turare, wanda yake shanye danshin duk abin da ke kusa da shi, da ƙayar nan ta Prosopis da aka shigo mana da ita daga Amurka ta Kudu domin tsai da rairayi, wadda yau ta cika kwaruruwa da bakin tabkuna har makiyaya suna kuka da ita. Dogon yaro ba na zaginsa, domin da idona na ga abin da layukansa suka yi wa iska a kwarin Majiya tun da aka fara dasa su a 1975, kuma shi ne mafi yawan itacen da aka kewaye Yamai da shi tun daga 1965. Amma idan akwai shi a ƙofar gida ya isa, kada ku ƙara.

Hajiya Mai Zogale, Talaje

Sallama gare ku duka. Baba na Tawa ya yi maganar ƙasa da itace, ni kuma zan yi maganar tsakar gida, domin mu mata ne muke wuni a cikinta, kuma ina goyon bayan uwargidan Malam a kan sharuɗɗanta. Namiji yana iya cewa a bar duhuwa, amma ba shi ne zai fita da asuba ɗauko itacen girki ba.

Abin da ya kawo tsuntsaye gidana tun kafin itatuwana su girma ba wani abu ba ne illa kasko. Wani tsohon kaskon tuya ne da ya tsage a baki, na ɗora shi bisa bulo uku a inuwa, na zuba tsakuwa har ta ɗan leƙo saman ruwan, ruwan kuma bai wuce zurfin gaɓar yatsa biyu ba. Ranar farko ba wanda ya zo. A kwana na huɗu, bayan sallar asuba ina zaune ina lazimi, sai ga baiwar Allah guda biyu, namijin ja kamar an tsoma shi a rini, ya tsaya a bakin kaskon yana waige-waige ya fi a ƙirga kafin ya sa baki. Yanzu a watan Afrilu da Mayu layi suke yi, kurciya ta sha ta tashi, marai su zo da hayaniyarsu, da hantsi kuma zuma ta sauka bisa tsakuwar ta sha ba ta nutse ba, wanda shi ne amfanin tsakuwar. Lita biyu a rana ke nan, ba ta kai ruwan alwalar mutum biyu ba.

A kan sauro, abin da na koya a wurin malaman asibiti shi ne daga ƙwai zuwa sauro mai tashi ana ɗaukar kamar mako guda ko fiye kaɗan, saboda haka ruwan da ake zubarwa ana sakewa kowane kwana biyu ba ya haifar da komai. Ni kullum nake juye nawa a gindin lalle, in goge kaskon da soso in sake zubawa. Da damina ma kife shi nake yi gaba ɗaya, tun da ruwa yana ko'ina. Inda sauro yake haihuwa shi ne tsohuwar taya da gwangwani da tanon da ba murfi. Ramukan da Baba ya ce a haƙa kuwa, ku lura da su bayan ruwa, idan ruwan ya wuce kwana biyu bai nutse ba, to ku cika ramin da kara da yashi har ya daina kwanciya a fili.

Maciji kuma ba na wasa da shi, domin kububuwa tana nan a gefen gari kuma ba ta gudu kamar sauran. Abin da na yi shi ne na raba gidan biyu. Daga ƙofar ɗaki zuwa madafa zuwa makewayi, da kamar taki huɗu kewaye da gini, ana sharewa tas kowace safiya, ba ganye ba tarin itace ba bulo. Can ƙarshen fili kuma, gindin itatuwa, na hana tsintsiya zuwa, ganyen da ya zuba a nan yake ruɓewa. Wannan ya jawo mini magana, har wata ƴar'uwata da ta zo daga Dogonduci ta ɗauki tsintsiya da kanta tana cewa ko ba ni da lafiya ne, amma ƙasar wurin yanzu baƙa ce mai laushi, kuma idan na tura yatsa a ƙarƙashin ganyen ina jin sanyi ko da rana tsaka. Maciji abinci yake bi, abincinsa kuwa ɓera, saboda haka a rufe hatsi da dussa da kyau, a toshe ramukan jikin katanga, kada kuma yaro ya shiga wajen itatuwan da dare ba takalmi ba fitila. A shekara bakwai sau ɗaya muka ga maciji, shi ma a cikin tarin bulon maƙwabci ya fito.

Gargaɗi biyu daga abin da ya same ni. Kyanwa da kaskon tsuntsaye ba su zama wuri ɗaya sai an ɗaga kaskon an kuma nisanta shi da inda za ta laɓe. Sannan ragon layya. Shekarar da na dasa dirga goma sha biyu, maigida ya kawo rago mako uku kafin Sallah, ya kwance da dare, da safe ban samu ko ganye ɗaya ba sai tsinke. Takwas sun sake tohowa, amma tun daga ranar ba na dasa komai sai na kewaye shi da ƙaya ko tsohon kwando.

Ɗalibin Aikin Gona, Harobanda

Ina gaida iyayena. Ni ɗalibi ne a sashen aikin gona na Jami'ar Abdou Moumouni, kuma ina so in amsa abin da Malam ya lura da shi, cewa wurin ya yi kore amma tsuntsu bai zo ba, domin a ganina nan ne gindin maganar. Yawancin ƙananan tsuntsaye, har da waɗanda muke gani suna cin tsaba, da tsutsa da ƙananan ƙwari suke ciyar da ƴaƴansu a sheƙa. Ƙwarin ƙasarmu kuwa sun saba da tsirran ƙasarmu, ba su san abin da za su yi da furen da aka kawo daga wata nahiya ba. Ciyawar da ake aske ta kowane mako ba ta fure ba ta tsaba, saboda haka a idon tsuntsu ba ta da bambanci da siminti da aka shafa wa koren fenti.

Wasu masu binciken tsuntsaye daga ƙasar Holand sun bi yankin Sahel suna ƙirga tsuntsaye itace bayan itace, suka tarar cewa masu cin ƙwari, musamman baƙin da suke ƙetaro hamada daga Turai su yi rani a wurinmu, sun fi taruwa a itatuwa masu ƙaya irin su gawo da aduwa da dangin bagaruwa, dogon yaro da turare kuwa kusan fayau suke. Bayanin da suka bayar shi ne itacen da ya kare kansa da ƙaya ganyensa yana ciyuwa ga ƙwari, wanda kuma ya kare kansa da ɗaci ƙwari suna gudunsa. Ba abin mamaki ba ne, tun da mu ma da ganyen dogon yaro muke korar ƙwari daga wake. Saboda haka zaɓin da Baba ya yi daidai ne ta wannan fuska ma, ko da yake jemage da wasu tsuntsaye suna cin ƴaƴan dogon yaro, su ne ma suke yaɗa shi.

Abin da zan roƙa shi ne a ajiye maganin feshi, musamman fiya-fiya da ake saye a kasuwa a kwalabe marasa takarda. Ba ya tambayar wane ƙwaro ne mai ɓarna wane ne mai amfani, yana kashe zuma da ƙoƙi-ƙoƙi da zanzaro tare da abin da aka nufa, kuma haɗari ne ga yara. Zanzaro da muke rushe wa ɗaki a jikin bango, idan kuka fasa ɗakin lakarsa za ku tarar da tsutsotsi ko gizo-gizo da ya sumar ya tara wa ƴaƴansa. Ƙadangare da tsaka da kwaɗo da bushiya duk masu cin ƙwari ne, kuma ko da yake na san abin da ake faɗa a kan tsaka a gidajenmu, ba ta da dafi. Idan ganyen zogale ya ɗan huhhuje, a yi haƙuri mako biyu a gani, galibi masu cin tsutsar suna isowa da kansu.

Ƙasan itatuwa kada a bar shi tsirara. Tafasa da gasaya da yakuwa da rama da lalo suna fitowa da ruwan sama, suna fure, suna shiga tukunya, kuma idan aka bar kaɗan suka zubar da iri ba sai an sake shukawa ba. Tushen gamba biyu ko uku a inda ruwan indararo yake faɗuwa suna riƙe ƙasa, tsuntsaye kuma suna ɗibar ganyenta su yi sheƙa. Garmani ne kawai zan ce a tuge tun bai yi iri ba, domin idan ya samu wuri ba ya barin kowa. Akwai kuma tumfafiya, wadda kowa yake raina, alhali a ganyenta ne malam-buɗe-littafin nan mai ruwan goro da baƙin gefe da ɗigon fari yake yin ƙwai, tsutsarsa ba ta cin komai sai ita da danginta. Amma ƙaronta yana yi wa ido mummunan lahani, saboda haka gidan da ke da ƙananan yara ni ba zan ce a bar ta ba sai a bayan katanga.

Malamin Lakwal, Yamai

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na karanta wa uwargida maganar Hajiya, kuma ta ce in dai za a raba gidan biyu kamar yadda aka faɗa, ta yarda, har ta fito da wani kasko da kanta. Baba, na je bayan gidan da yamma na duba da kyau, na kuwa samu wani kututture a jikin katangar gabas wanda yaron da nake biya yake sarewa duk lokacin da ya toho, ganyensa ƙanana ne masu toka-toka, ina zaton sabara ce. Saura tambaya ɗaya. Yanzu muna cikin Maris, kuma hutuna ba ya zuwa sai Yuli. Me ya kamata in fara yi yanzu, kuma a ranin farko, kafin dashen su kama, ruwa nawa za su buƙata? Ina tsoron kada in sake komawa gidan jiya.

Tsohon Ma'aikacin Gandun Daji, Tawa

Malam, idan ganyen yana da toka-toka kuma da kun murza shi kun ji ƙamshin da kuka sani tun kuna yara, sabara ce, ku ce wa yaron ya ɗauke mata adda. Wannan ita ce itaciyarku ta farko, kuma ba ku biya ko dala ba.

Aikin yanzu haƙa ne, kuma ya fi kyau a yi shi da sassafe a cikin Maris da Afrilu, rami biyu ko uku a rana, ba gaggawa. Ku tsince siminti, ku zuba taki, ku rufe bakin kowane rami da karan hatsi ko buntu, ku bar shi haka. Takin awaki ya fi, kuma yana zuwa da kyauta a cikinsa, domin irin gawo da na bagaruwa da ya bi ta cikin akuya ya riga ya yi laushi, zai tsiro da kansa. Idan iri za ku shuka da hannu, na gawo da na dirga ɓawonsu yana da tauri, sai a tafasa ruwa a sauke, a zuba su a ciki su kwana, a shuka da safe. Ƙwallon aduwa a jiƙa shi kwana ɗaya, na magarya kuma a fasa shi a hankali a ciro ƙwayar. Itacen da aka shuka daga iri a wurin da zai zauna yakan fi na leda jure rani, saboda saiwarsa tana tafiya ƙasa kai tsaye ba ta naɗe ba. Magarya mai aure da lalle ne kawai za ku nema a wurin masu dashe, kuma idan kuka ɗaga ledar kuka ga saiwa ta huda ta ta kama ƙasa, ku ajiye ku ɗauki ƙaramar.

Kada ganin shamuwa ko ruwan farko na Yuni ya ruɗe ku, sau da yawa akan yi mako biyu ko uku bayansa ba a sake samun ɗigo ba. Ku jira damina ta zauna, wajen tsakiyar Yuli, ranar da kuka tona kuka tarar danshi ya wuce tsawon hannu zuwa gwiwarsa, ku dasa da yamma. Hutunku ya zo daidai ke nan. Wanda ya jira bikin dashen itace na 3 ga Agusta bai makara ba, amma mako biyun nan na Yuli suna da daraja ga saiwa.

A ranin farko, daga Nuwamba zuwa saukar ruwa, kowane dashe ku ba shi kamar lita goma sau ɗaya a mako, a zuba a hankali da yamma, ba kaɗan-kaɗan kullum ba, domin yayyafin kullum yana koya wa saiwa zama a sama inda rana za ta dafa ta. A Afrilu da Mayu ku mai da shi sau biyu. Idan za ku yi tafiya, ku binne ƙaramin tulu marar fenti har wuya a gefen dashen, ku cika shi ku rufe bakinsa da sakaina, zai riƙa tsatsafowa kwana da kwanaki. Dashe goma ke nan bido huɗu na lita 25 a mako, kuma ruwan ɗaurayar kwanuka da na alwala ya isa ya biya rabi, muddin ba mai omo da yawa ba ne. A rani na biyu ku rage rabi, a na uku ku bar su da Allah, ban da zogale da magarya mai aure, waɗanda za su so a tuna da su sau ɗaya a mako idan zafi ya tsananta. A cikin goman, biyu ko uku za su mutu duk yadda kuka yi, ku bar ramukansu da takinsu, ku sake jefa iri a ciki da damina mai zuwa.